Tsayin Rufin Soro a Zanen Kwamfuta: Misali Daga Limancin Kona, Birnin Zariya

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu jawo hankalin mahalarta wannan taro, musamman malamai masu koyar da zanen gine-gine da ɗalibansu, ga wata matsala wadda ake yi wa kallon ƙarama, alhali kuwa tana iya ɓata aikin watanni. Matsalar ita ce ta aza rufin ɗaki a daidai tsayinsa yayin da ake zana gida da manhajar kwamfuta. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san yadda rufi yakan fito yana lilo a sama da bango, ko kuwa ya nutse a cikinsa, har mai zane ya yi ta ja da turawa sai abin ya yi wa idonsa daidai. A gidan bulo da kwano wannan gyaran ido yakan wuce ba tare da wata babbar hasara ba, domin kafinta zai daidaita abin da ya karkace. A ginin ƙasa irin namu na gargajiya kuwa lamarin ya fi haka nauyi, kuma dalilin hakan ne muke so mu bayyana.

Mun ɗauki Limancin Kona a matsayin misali saboda dalilai biyu. Unguwa ce tsohuwa a cikin ganuwar Zariya, wadda aka san ta da malamai da zaurukan karatu, har ma Limamin Kona yana cikin mutum biyar masu zaɓen Sarkin Zazzau. Sa'an nan kuma, kamar sauran unguwannin cikin birni, a gida ɗaya mutum yakan tarar da zauren ƙasa na kaka da kakanni, da shigifar da aka ɗora wa kwano daga baya, da ɗakin bulo da aka gina jiya-jiya, kowanne da irin rufinsa. Ɗalibin da aka aika ya zana irin wannan gida zai gamu da matsalar ta kowace fuska.

2.0 Yadda manhaja ta ɗauki rufi

Manhajojin da aka fi amfani da su duk daga ƙasashen waje suka zo, kuma kowace tana ɗauke da al'adar ginin ƙasar da aka ƙirƙiro ta. AutoCAD ta fito a Amurka a 1982, ArchiCAD a ƙasar Hangari a 1984, Revit da SketchUp kuma a shekarar 2000. AutoCAD a farkonta allon zane ce kawai, abin da ka ja shi za ka gani. ArchiCAD da Revit, da irin su Chief Architect wadda aka yi domin gidajen katako na Amurka, su kuwa sun san abin da ake kira bango da abin da ake kira rufi, kuma suna da ƙa'idar da suke haɗa su da ita.

Ƙa'idar ita ce kamar haka. Da farko akwai daɓe, wanda manhaja ta ɗauka shimfiɗaɗɗe ne sumul, kuma shi ne sifili, watau mafarin kowane awo. Daga nan bango ya tashi a miƙe, kaurinsa ɗaya daga ƙasa har sama, ya tsaya a wani tsayi da aka ba shi. Bisa kan bangon sai a shimfiɗa katako, a kan katakon kuma rufi ya zauna kamar hula a kan mutum. Saboda haka tsayin rufi a wurin manhaja lamba ɗaya ce tak: nisan da ke tsakanin daɓe da wani layi inda rufin ya fara gangara. Idan ka ba ta wannan lamba, ka ba ta kusurwar gangara, sauran lissafi nata ne.

Ko a nan ma akwai wurin tuntuɓe, domin manhajojin ba su yi ittifaƙi a kan inda wannan layi yake ba. A Revit, idan mai zane ya ce rufinsa na rafta ne, daga fuskar bango ta ciki ake awo, idan kuwa ya ce na haɗaɗɗen katako ne mai kusurwa uku, daga fuskar waje ake yi. A ArchiCAD layin yana ƙarƙashin rufi, wurin da mai zane ya aje shi. A Chief Architect yana saman rafta, daidai saitin fuskar bango ta waje. Bambancin bai taka kara ya karya ba idan bangon siriri ne. Alal misali, bulo mai inci 9, watau milimita 225, da rufi mai gangarar digiri 30: sauya awo daga fuskar ciki zuwa ta waje zai ɗaga ko ya sauke rufin da milimita 130. Amma a bangon ƙasa mai kaurin milimita 600, wannan sauyi ɗaya zai kai milimita 346, fiye da ƙafa guda ke nan, kuma ba tare da mai zane ya taɓa lambar tsayi ba.

3.0 Yadda magini ya ɗauki rufi

Maginin Hausa bai san rufi a matsayin hula ba. A ginin soro rufin yana zaune ne a cikin bango, bangon kuma ya zarce shi sama ya zama rawani, a kusurwoyi kuma ya ƙara tashi ya zama zankwaye. Wannan shi ne bambanci na farko, kuma daga gare shi sauran suka samo asali.

Bari mu bi aikin daki-daki. Bango ana tayar da shi da tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindinsa da kauri, yana tafiya yana tsukewa har sama. In an kai inda za a yi rufi, sai a jera azara, wato tsagaggen itacen giginya wanda gara ba ta cika damunsa ba. Azara tana da iyaka: idan tazarar da za ta haye ta wuce kimanin mita 1.8, ƙafa shida ke nan, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Don haka idan ɗaki ya fi haka faɗi sai magini ya yi tauyi, ya fito da gajerun azara daga cikin bango hawa-hawa, kowane hawa ya ɗara na ƙarƙashinsa fitowa, har tazarar ta ragu. Wani lokaci kuma yakan gitta azara a kusurwoyin ɗaki, ya mai da murabba'i ya zama mai kusurwa takwas. Bayan an gama jeri sai a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe, a karkata ta wajen indararo, daga bisani a bi ta da abin da zai hana ruwa shiga, ko makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso wanda ake haɗawa da katsin marina.

To, a irin wannan rufi, ina ne tsayinsa? Akwai inda tauyi ya fara fitowa. Akwai cikin azara, wanda shi ne abin da mai zaune a ɗaki yake gani. Akwai bayan rufi inda ruwa yake sauka, shi ma ba ɗaya ba ne, domin gefen da ke nesa da indararo ya fi tudu. Akwai bakin indararo kansa, da kan rawani, da tsinin zanko. Kowanne daga cikinsu yana da aikin da yake yi, kuma babu wanda za a iya lissafo shi daga ɗan'uwansa, sai an auna shi.

Idan aka zo ga zaure ko turakar mai hali, inda ake son fili ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, sai a yi bakan gizo. A nan ne fasahar maginanmu ta fi bayyana, a nan ne kuma manhaja ta fi ruɗewa. Bakan gizo ba ya jiran bango ya ƙare. Tun bangon yana ƙasa-ƙasa ake dasa azara a cikinsa tana ɗan sunkuyowa ciki, a ɗaure ta da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a bari ta bushe. Sa'an nan a ɗora wata a kanta wadda ta fi ta sunkuyawa, ita ma a ɗaure a yaɓe, haka-haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya. Ke nan abin da ido yake gani kamar lanƙwasa ɗaya, a haƙiƙa gajerun miƙaƙƙun itatuwa ne da aka jona, hannun magini ya shafe gaɓoɓinsu da yaɓe. Idan bakuna biyu ko fiye suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, wanda sunansa ya fito daga yadda ake gitta itace a bakin gugar rijiya, galibi kuma akan manna faranti ko tasa a inda suka haɗu. Daga waje rufin yakan yi tozo, shi ne tulluwa.

Abin lura a nan shi ne, babu wani wuri da mutum zai sa yatsa ya ce nan bango ya ƙare, nan rufi ya fara. Manhaja kuwa ba ta yarda ta ci gaba sai an nuna mata wannan wuri. Haka nan kuma lanƙwasar bakan gizo ba yankin da'ira ba ce. Ɗalibi yakan auna faɗin zaure da tsayin tsakiyarsa, ya ce wa manhaja ta ja masa baka tsakanin ɗigo uku, ita kuwa ta ja masa da'ira tsaf irin ta ginin Rumawa. Zanen zai yi kyau, tsakiyar ma za ta faɗa daidai, amma kafaɗun bakan, inda nauyi ya fi taruwa kuma inda tsagewa takan fara, za su kauce daga inda suke a gaskiya.

Wani abin da ya kamata mu ambata, ko da a gurguje, shi ne ma'aunin magini. Shi da kamu yake awo, da taki, da gaba, da tsayin mutum in ya ɗaga hannu. Kamun wani ya fi na wani. Saboda haka ɗalibin da ya auna ya sami mita 2.87 kada ya ce ai nufin magini mita 3 ne, ya cike. Magini bai taɓa nufin mita ba.

4.0 Daga ina za a fara awo?

Mun ce manhaja ta ɗauki daɓe a matsayin sifili. A cikin birni wannan zato ba ya tsayawa. Tsofaffin unguwanni ƙasarsu tashi take yi: bango ya zube a baje shi, a yi ciko saboda ruwa, damina ta kwaso yashi ta jibge a lungu, shekara da shekaru. Shi ya sa a tsofaffin gidaje da yawa sai mutum ya sauka in zai shiga zaure, a tarar an yi dandamali a bakin ƙofa don tare ruwa. Daga zaure zuwa shigifa akwai hawa ko sauka, tsakar gida kuma dole ta karkata wajen rariya. Gida ɗaya yana iya samun daɓe biyar ko shida, babu biyu da suke daidai.

Abin da yakan faru shi ne, ɗalibi ya shiga kowane ɗaki da tef, ya auna daga daɓensa zuwa azara, ya fita waje ya auna daga ƙasan lungu zuwa kan rawani, ya koma ya zuba lambobin duka a kan sifili ɗaya. Mu ƙaddara zaure ne wanda daga daɓensa zuwa cikin azara mita 3.2 ne, daga lungu zuwa kan rawani kuma mita 3.5. Wanda ya ɗauka daɓe da lungu daidai suke zai ce tsakanin azara da kan rawani santimita 30 ne kacal, a cikinsu kuma har da kaurin rufi. Idan kuwa daɓen ya fi lungu zurfi da santimita 40, to tazarar ta gaskiya santimita 70 ce. Lambobin biyu da ya auna duk daidai ne, kuskuren yana wajen haɗa su.

Maganin wannan tsoho ne, kuma kowane birkila ya san shi. A sami tiyo mai haske a cika shi da ruwa, a yi alama a jikin ƙofar zaure, misali mita ɗaya daga kan dandamali, a yi ta kai wannan alama ɗaki-ɗaki, har tsakar gida, har lungu, har jikin bangon maƙwabci in ya yi izini. Wanda yake da na'urar lesa sai ya yi da ita, sakamakon ɗaya ne. Wannan layi shi ne sifilin gidan, shi za a ba manhaja. Daga gare shi za a auna ƙasa zuwa kowane daɓe, a auna sama zuwa kowane ɗaya daga cikin tsayin da muka lissafa. A ra'ayinmu, zanen ginin ƙasa da bai nuna inda sifilinsa yake ba, bai kamata malami ya karɓe shi ba.

5.0 Kauri da nauyi

Mai yiwuwa wani ya ce, santimita goma ko ashirin a zanen ɗalibi, me za su rage? Amsar tana cikin nauyin ƙasa. Busasshiyar ƙasar gini tana kai kimanin kilogiram 1,800 a kowace mita mai cikar tsawo da faɗi da zurfi. Rufi mai kaurin santimita 15 ke nan yana ɗora kilogiram 270 a kan kowace murabba'in mita, mai santimita 30 kuwa kilogiram 540. A ɗaki mai mita 4 kowane gefe, na farko ya kama kilogiram 4,320, na biyu 8,640. Watau kuskuren santimita 15 a kaurin rufi ya fi tan huɗu, duka a kan azara, mutane kuma suna kwance a ƙarƙashi. Wannan lissafi na busasshiyar ƙasa ne. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba, kuma rufin da ya sha ruwan Agusta ya fi haka nauyi.

Kaurin rufin soro ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin damina akan hau a yi yaɓe, a toshe tsaga, a ƙara ƙasa inda ruwa ya zaizaye, kuma ba kasafai ake kankare tsohuwar ba. Azara kuma tana ɗan lotsawa a tsakiya da daɗewa, ruwa ya riƙa kwanciya a wurin, mai gida ya ƙara ƙasa don ya kore shi, nauyin ya ƙara lotsar da ita. Babu yadda za a ga wannan da ido daga ciki ko daga waje. Hanya ɗaya da za a san kaurin ba tare da an huda rufin ba ita ce a auna bayansa da cikinsa daga sifili ɗaya, a wurare da yawa, a ɗebe wannan daga wancan. Idan aka bar manhaja ta sa kaurin da ta saba, mai santimita kaza iri ɗaya ko'ina, to an shafe ainihin bayanin da injiniya yake bukata don ya ce ɗakin nan ya kwana ko a fitar da mutane.

Bisa ga haka, shawararmu ga mai zana soro ita ce ya ƙyale maɓallin rufi gaba ɗaya. Ya bar bango ya tashi har kan rawani, kada ya ba shi umurnin nan na mannewa da rufi, domin nan take manhaja za ta fille rawanin da zankwayen. Rufin kuma ya gina shi da abin da ake yin daɓen bene, ya ɗaga ko ya sauke kowane ɗigo na bayansa gwargwadon awon da ya yi, har gangarar ta kai bakin indararo. Bakan gizo kuwa ya auna shi taki-taki daga bango zuwa tsakiya, ya bi ɗigogin da hannu. Tsukewar bango ma ana iya nuna ta yanzu: ArchiCAD ta daɗe da wannan dama, Revit kuwa sai a fitowarta mai lamba 2022 ta samu. SketchUp, da yake ba ta damu da sanin mene ne bango mene ne rufi ba, takan fi sauƙin sarrafawa a wannan aiki, ko da yake ba za ta yi maka lissafin kaya ba sai ka sa hannu.

Akwai kuma hanyar ɗaukar hotuna masu yawa ta kowace kusurwa, ko haska gini da na'urar lesa, kwamfuta ta haɗa miliyoyin ɗigogi su ba da siffar ginin yadda yake. Da irin wannan hanya masana daga Jami'ar Kef Tawun suka auna babban masallacin Jenne da na Jingarebar a Tumbutu. Hanya ce mai kyau, amma ciki daban ake ɗauka, bayan rufi daban, kuma in ba a ɗaure su da sifili ɗaya ba an koma gidan jiya.

6.0 Kwano a kan soro, da haƙƙin maƙwabci

Yawancin zanen da ake yi wa gidajen cikin birni a yau ba don tarihi ake yin sa ba, don gyara ne. Mai gida ya gaji da yaɓen shekara-shekara, maginan ƙasa sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada, sai ya yanke shawarar ɗora kwano. Ba mu ga laifinsa ba. Sau da yawa ma kwanon ne ya sa tsohon zaure ya kai yau. Abin da muke cewa shi ne, a nan ne tsayin rufi yake fita daga hannun mai zane ya shiga tsakanin mutum da maƙwabcinsa.

Soro yana tara ruwansa ya fitar ta indararo ɗaya ko biyu, a wurin da aka sani tun zamanin kakanni, wanda maƙwabta suka saba da shi suka kuma yi gininsu a kan haka. Kwano kuwa ta duk tsawon bakinsa yake zubarwa. A lungun da faɗinsa bai wuce mutum biyu su gitta ba, idan bakin kwano ya yi sama kuma ya fito da yawa, ruwan zai tsallake lungu ya riƙa dukan bangon ƙasa na gidan da ke fuskantarsa. Idan ya yi ƙasa, ko fitowarsa ta gaza, sai ya zuba a gindin bangon mai shi. Tsayin bakin kwano daga ƙasan lungu shi ne lambar da ta fi muhimmanci a nan, ita ce kuma manhaja ba ta tambaya, domin ita daga daɓen ciki take lissafi, kuma a allonta gidan yana tsaye shi kaɗai a fili fetal.

Haka kuma tsinin rufi. Ɗaki mai faɗin mita 6, in aka ba shi gangarar digiri 15, tsininsa zai tashi santimita 80 a kan bango. A digiri 30 zai kai mita 1.73, a digiri 45 kuwa mita 3 cur, watau an ɗora tsayin wani ɗaki a kan ɗaki. Yayin dogon rufi da ya shigo daga sababbin unguwanni yana da wurinsa a fili mai faɗi. A cikin birni yana tare wa maƙwabci iska da hasken safe, ya kuma ƙara wa ruwa gudu.

Wannan ba sabon zance ba ne a wurin malaman Kona da takwarorinsu. Fiƙihun Malikiyya ya yi bayani mai yawa a kan gini, bisa ƙa'idar hana cutar da maƙwabci: inda ruwan rufi zai zuba, da tagar da ke leƙa gidan wani, da hawa saman soro inda za a hango tsakar gidan mutane. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi guda. A ƙasarmu ma Alƙalin Gwandu Idris ɗan Khalid ya yi rubutu a kansu a ƙarni na 19, kuma a 2006 Besim Hakim da Zubair Ahmed sun nazarci waɗannan ƙa'idoji tare da misalai daga birnin Zariya. Tsayin rawani a kan bene, alal misali, ba ado kaɗai ba ne, sutura ce. Don haka muna ganin wajibi ne zanen gyaran gida a cikin birni ya nuna lungu, ya nuna bangon da ke ƙetarensa da tsayinsa, a ja layin ruwa daga bakin kwano, a ja layin ido daga kowace taga ta sama, kafin a sayi ko da falle ɗaya.

7.0 Zane a matsayin shaida

Saura fuska ɗaya, ita ce ta adana tarihi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), shi ne ginin ƙasa mafi shahara a ƙasar Hausa. A cikin shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na zamani, ta yadda mai wucewa a yau ba ya ganin tulluwoyinsa a sararin sama kamar da. Abin da ya cece mu shi ne, kafin haka Z. R. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin da hannu, ciki da waje. Da wannan awo aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, aka kuma buga zanen a 1990, bayan rasuwarsa. F. W. Schwerdtfeger, wanda littafinsa a kan gidajen Zariya da Ibadan da Marrakesh ya fito a 1982, da J. C. Moughtin a 1985, su ma sun bar mana zanen gidajen talakawa da na sarakuna.

Zaurukan Limancin Kona ba su da sunan da masallacin yake da shi, kuma kowace damina tana rage su. Ga da yawa daga cikinsu, aikin da ɗalibi ya yi don neman maki shi ne kaɗai awon da za a taɓa yi musu. Zanen hannu yana nuna shakkar mai shi, ana ganin inda ya goge da inda ya yi ƙiyasi. Siffar kwamfuta kuwa sumul take fitowa, lambar da aka auna da wadda manhaja ta sa da kanta duk kamarsu ɗaya. Don haka muna roƙon sassan koyar da zanen gine-gine, tun daga na Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa, su sa wa ɗalibai sharaɗi cewa kowace siffa ta zo da takardar awonta ta asali, a bambanta tsayin da aka auna da wanda aka ƙiyasta ta hanyar launi, a rubuta sunayen sassan da Hausa yadda magini yake kiransu, tauyi da rawani da zanko da indararo. A kuma rubuta ranar da aka yi awon, da ko kafin yaɓen bana ne ko bayansa.